Mahaɗin inji ko na hannu: wanne za ka bi idan kana son kiran kod ɗin C daga wani harshe?

Komai daɗin harshen da kake rubuta manhaja da shi, wata rana sai ka ƙwanƙwasa ƙofar C. SQLite da C aka rubuta shi, haka zlib da OpenSSL da libcurl da FFmpeg, kuma su kansu ƙofofin Linux da Windows da siffar C suke magana. Mai aiki da Python ko Java ko Rust ko Go ko C# ba zai taɓa waɗannan laburare (tarin kod da aka tanada domin wasu manhajoji su riƙa kira) kai tsaye ba, sai ya sami mahaɗi, wato kod ɗin da zai tsaya tsakani ya gaya wa harshensa sunan kowane fankishin (guntun kod mai suna da ake kira ya yi wani aiki), irin bayanan da yake karɓa, girmansu, da yadda aka jera su a memori. Hanyoyin samun wannan mahaɗi biyu ne. Ko dai ka zauna ka rubuta shi da hannunka, ko kuma ka miƙa wa inji, wato manhajar da ke rubuta mahaɗi da kanta, fayil ɗin heda na laburaren, wanda ke jera sunaye da siffofin fankishin ɗinsa, shi ya fitar maka.

Ba zan ɓoye inda na karkata ba: a mafi yawan lokuta inji ya kamata ya rubuta kashin ƙasa, wato ɗanyen mahaɗin da ke kwafar siffar C, mutum ya rubuta na sama, wato rigar da sauran manhajar za ta riƙa amfani da ita. Amma akwai inda wannan shawara ba ta da amfani, kuma akwai harsunan da tambayar ma ta sauya kama a cikinsu.

Abin da inji ya fi mutum iyawa shi ne ƙirga. Ɗauki struct, wato ƙunshin bayanai mai filaye a jere, mai char ɗaya (bayit 1) da int ɗaya (bayit 4). Mai ƙirga da ka zai ce bayit 5 ne, alhali a kwamfutocin da muke amfani da su yau bayit 8 ne, saboda kwamfaila, manhajar da ke harhaɗa kod ya zama abin da kwamfuta ke gudanarwa, na cusa bayit 3 na cikon gurbi domin int ɗin ya zauna a daidai gurbinsa. Ko kuma ɗauki long: bit 64 ne a Linux da macOS, amma bit 32 ne a Windows ko da tsarin mai bit 64 ne. Wanda ya rubuta mahaɗinsa da hannu a kan Linux, ya gwada, komai ya tafi lafiya, bai san ya dasa matsala ba sai ranar da wani ya ɗora manhajar a Windows, duk filin da ke bayan long ɗin ya goce daga mazauninsa. Irin wannan kuskure ba ya ihu. Wani lokaci manhajar ta faɗi nan take, wanda shi ne sa'a. Wani lokaci kuma ta ci gaba da aiki tana ba da lissafin ƙarya.

ctypes, kayan rubuta mahaɗi da hannu a Python, wanda ya shiga cikin laburaren harshen tun siga ta 2.5 a 2006, yana da nasa tarkon da ya shahara. Idan ba ka faɗa masa irin abin da fankishin ke mayarwa ba, sai ya ɗauka int ne. Fankishin da ke mayar da adireshin memori mai bit 64 sai a yanke masa rabi, kuma babu mai tsawata maka. A .NET ma haka: bool idan ba a yi masa bayani ba ana tura shi da bayit 4 irin BOOL na Windows, alhali bool na C bayit 1 ne.

Injunan zamani ba sa faɗawa cikin waɗannan ramuka, domin ba su suke karanta C da kansu ba. bindgen na Rust, jextract na Java, ffigen na Dart da ClangSharp na .NET duk libclang suke ɗauko wa aikin, wato sashen kwamfailan Clang da ke fahimtar heda kamar yadda za a harhaɗa ta da gaske. bindgen har yakan haɗa da binciken girma da mazaunin kowane fili, ta yadda idan lissafin Rust ya saɓa da na C za a gane tun kafin manhajar ta kai ga jama'a. Idan laburare na da ɗaruruwan fankishin, kuma yana fitar da sabuwar siga a kai a kai, babu dalilin da zai sa ɗan Adam ya riƙa kwafar wannan da hannu. Za ka gaji, kuma gajiya ce ke haifar da kuskuren harafi ɗaya.

To, sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Heda tana faɗin siffa ne, ba ta faɗin yarjejeniya. Dubi getenv da strdup: dukansu char * suke mayarwa. Abin da strdup ya ba ka naka ne, dole ka sake shi da free, in ba haka ba memori ya riƙa yoyo. Abin da getenv ya ba ka kuwa aro ne, ka kuskura ka sake shi ka rusa manhajarka. A idon inji waɗannan biyun tagwaye ne. Haka sqlite3_column_text: adireshin da yake bayarwa yana da rai ne kawai zuwa lokacin da ka matsa layi na gaba ko ka rufe tambayar, kuma wannan sharaɗi a cikin bayanin SQLite yake, ba a cikin sa hannun fankishin ba. Shin wannan adireshi zai iya zuwa fanko? Shin int ɗin da ke biye da shi tsawon jerin ne ko wani abu dabam? Shin zare biyu, wato sassan manhaja biyu da ke gudana tare, za su iya kiran fankishin a lokaci guda? Shin -1 na nufin kuskure? Inji kamar tafinta yake wanda ya iya kalmomin ɓangarorin biyu sarai, amma ba ya nan ranar da aka ƙulla cinikin.

Shi ya sa abin da bindgen ke fitarwa sai an kira shi a ƙarƙashin unsafe, alamar da ke nuna Rust ba ya lamunce amincin kod ɗin, kuma shi ya sa jama'ar Rust suka raba aikin gida biyu: kunshin da sunansa ke ƙarewa da -sys yana ɗauke da ɗanyen mahaɗi, sannan wani kunshi a samansa wanda mutum ya tsara. libsqlite3-sys a ƙasa, rusqlite a sama. Linux ma, tun da Rust ya shiga cikinsa a siga ta 6.1 a watan Disambar 2022, wannan tsari ya bi: bindgen ke fitar da mahaɗi daga hedodin C, amma ƙa'idar ita ce kada direba, wato kod ɗin da ke sarrafa wata na'ura, ya taɓa ɗanyen mahaɗin, sai ta rigar da aka ɗinka masa da hannu. Duk wanda ya ce maka inji ya gama masa aiki cikin minti biyu, kashin ƙasa yake nufi. Na sama yana nan yana jiransa.

Wuri na biyu da inji ke tuntuɓe shi ne makiro. Makiro ba fankishin ba ne, musanyar rubutu ce da ake yi kafin harhaɗawa, don haka babu sunansa a cikin laburaren da aka gama ginawa. A zlib, deflateInit da kowa ke kira makiro ne. Abin da ke akwai da gaske shi ne deflateInit_, wanda ke buƙatar a ba shi lambar sigar zlib da girman z_stream. A SQLite, SQLITE_TRANSIENT lamba -1 ce da aka sanya wa rigar adireshin fankishin, kuma masu mahaɗi kan rubuta ta da hannu. Ko errno makiro ne a tsare-tsaren yau. Fankishin da aka rubuta static inline a cikin heda su ma ba su da suna a laburare. Maganin da aka saba shi ne ɗan ƙaramin fayil na C da ke naɗe kowane makiro cikin fankishin na gaskiya. Linux na da tarin irin waɗannan mataimaka musamman domin Rust. Kafin ka zaɓi hanya, buɗe hedar ka duba yawan #define masu karɓar bayanai. Wannan dubawa ta minti kaɗan za ta gaya maka yawan aikin hannun da ke gabanka fiye da duk abin da aka rubuta a shafin injin.

Akwai kuma hanya ta uku da mutane kan manta da ita, kuma ita ce ta fi burge ni. Wasu laburare sun gane heda ba ta isa ba, sai suka wallafa yarjejeniyar da kanta a sigar da inji zai iya karantawa. GObject Introspection na jama'ar GNOME haka yake: masu rubuta GTK suna sa alama a jikin kowane fankishin, transfer full idan abin ya zama naka, transfer none idan aro ne, nullable idan zai iya zuwa fanko, kuma ana fitar da wannan cikin fayilolin GIR. PyGObject da gtk-rs daga nan suke sha, shi ya sa mahaɗinsu ke fitowa da kamannin harshen da aka nufa. Microsoft ma a 2021 ya fitar da bayanan Win32, wato ƙofofin Windows, a irin wannan siga, inda CsWin32 na C# da kunshin windows na Rust ke ɗiba. A CsWin32 sunayen fankishin da kake so kawai za ka jera a fayil ɗin NativeMethods.txt, ya fitar maka da su da duk abin da suka dogara a kansa. Idan laburaren da kake nema yana da irin wannan, muhawara ta ƙare, kada ka ɓata lokaci da hannu.

C++ kuwa wata duniya ce. C na da sauƙin kira ne saboda sunan fankishin a laburare shi ne sunansa a heda, kuma kowane tsari na da tsayayyar ƙa'idar miƙa bayanai. C++ yana dagula sunaye domin ya bambanta fankishin masu suna ɗaya, kuma yadda GCC da Clang ke dagulawa dabam yake da na kwamfailan Microsoft. Tamfilet, wato zanen kod da aka bar gurbin nau'in bayanansa a buɗe, ba shi da kod ko kaɗan sai an cika shi da wani nau'i. Kuskuren da C++ ke jefawa idan ya tsallaka iyaka zuwa harshen da bai san shi ba, sai abin da hali ya yi. Saboda haka duk kayan aikin da ke aiki da C++ da kyau suna rubuta kod ɗin C++ ne wanda kwamfaila zai harhaɗa, ba sa ƙoƙarin kiran laburaren daga waje.

A nan ne SWIG da pybind11, kayan aiki biyu na yi wa C++ mahaɗi, suke karo. SWIG dattijo ne: David Beazley ya fitar da shi a 1996, daga aikin da ya yi a cibiyar bincike ta Los Alamos a Amurka. Ƙarfinsa shi ne daga fayil guda mai ƙarewa da .i za ka samu mahaɗin Python da Java da C# da Ruby da Perl da Lua da wasunsu. GDAL da Subversion da LLDB duk da shi suke aiki. Amma kada kalmar inji ta ruɗe ka. Da zarar laburaren ya wuce wasan yara, sai ka fara rubuta %newobject domin faɗin mai mallaka, %template domin cika tamfilet, da typemap domin juya jeri da tsawonsa su zama abu guda. Typemap ƙaramin harshe ne mai zaman kansa, kuma ranar da ya ƙi aiki za ka tsinci kanka cikin dubban layukan da ba kai ka rubuta ba. pybind11, wanda Wenzel Jakob ya fitar a 2015, ya ɗauki akasin hanya: kai za ka jera kowane kilas da fankishin da hannu, amma cikin C++ tsantsa, kwamfaila na duba maka nau'o'i, kuma kurakuran C++ na komawa na Python da kansu, misali std::out_of_range ya zama IndexError. PyTorch da shi yake amfani, TensorFlow kuma ya baro SWIG ya koma pybind11. Farashinsa shi ne harhaɗawa mai nauyi da manyan fayiloli, abin da ya sa marubucin nasa ya sake fitar da nanobind a 2022, mai buƙatar C++17.

Hukuncina a nan a taƙaice yake. Harshe ɗaya kake nufa, kuma Python ne? pybind11 ko nanobind. Harsuna uku ko huɗu? SWIG, ko kuma, abin da na fi so idan laburaren naka ne, ka gina masa siririyar ƙofar C da extern "C", adireshi rufaffe da fankishin na buɗewa da na rufewa, sannan kowane harshe ya sa injinsa ya karanta wannan ƙofa. LLVM na da irin wannan ƙofa, kuma harsuna da yawa ta nan suke shiga. Tsakanin Rust da C++ akwai cxx na David Tolnay, wanda ke sa ka bayyana iyakar sau ɗaya ya fitar da kod na ɓangarorin biyu. Qt kuwa ya yi girman da sai da aka ƙera masa injuna na kansa, SIP domin PyQt da Shiboken domin PySide.

Ga mai Python da laburaren C zalla, zaɓin yana tsakanin ctypes da cffi da Cython. ctypes ba ya buƙatar kwamfaila, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne idan fankishin biyar kake so daga laburaren da ya shekara ashirin bai sauya ba. cffi, wanda ya fito daga jama'ar PyPy a 2012, yana karɓar bayanin C kamar yadda yake a heda, kuma a yanayinsa na API yana kiran kwamfaila ya tabbatar da abin da ka rubuta; har za ka iya sa ɗigo uku a cikin struct ka bar kwamfaila ya cike sauran. Wannan ya sa ya zama tsaka-tsaki mai kyau: kai ka zaɓi abin da za a fitar, kwamfaila ya yi ƙirgar. Wani bambanci da ke cizon mutane: ctypes da cffi suna sakin makullin GIL, wanda ke hana zare biyu gudanar da kod ɗin Python a lokaci guda, yayin kira, pybind11 kuwa ba ya saki sai ka ce masa ya saki. Kira mai daɗewa a pybind11 zai iya tsayar da sauran zaren Python cak.

A Java labarin ya sauya. JNI, tsohuwar hanyar kiran C daga Java, wanda ke nan tun siga ta 1.1 ta JDK (kayan gina manhajar Java) a 1997, yana tilasta maka rubuta kod ɗin C na tsakani mai dogayen sunaye masu farawa da Java_, ka harhaɗa shi domin kowane tsari. Laburaren JNA ya rage wannan wahala ta hanyar libffi, mai shirya kiran C yayin da manhaja ke gudu, amma da ɗan nauyi a kowane kira. A JDK 22, watan Maris na 2024, aka kammala sabuwar ƙofa ta kiran fankishin da memorin waje, wadda ba ta buƙatar ko layi ɗaya na C, kuma jextract ke fitar mata da mahaɗi daga heda, kodayake dabam ake sauke shi, ba ya cikin JDK. Abin da na yaba a cikinta shi ne Arena: memorin da ka ware yana da iyakar rai, kuma idan ka taɓa shi bayan an rufe, kuskuren Java za ka samu, ba faɗuwar manhaja ba. Sabon aiki a sabon JDK, wannan hanya zan bi. Mai rubuta wa Android kuwa har yanzu JNI ne abokin tafiyarsa.

Go da Swift da Zig sun shigar da injin cikin kayan harshen, don haka tambayar a wurinsu ba hannu ko inji ba ce. A Go tambayar ita ce ko ka yarda da cgo, hanyar Go ta kiran C, ma tun farko. Kiran cgo ya fi kiran Go tsada sosai, ba ya iya kiran fankishin irin printf masu karɓar bayanai ba adadi, yana da tsauraran dokoki kan miƙa adireshin Go ga C tun siga ta 1.6, kuma yana kashe sauƙin gina wa wani tsari daga kwamfutarka, wanda yana cikin abubuwan da suka sa mutane ke son Go. Wannan ne ya sa ake da SQLite iri biyu a can: go-sqlite3 mai bin cgo, da na modernc wanda aka juya kod ɗin C ɗin gaba ɗaya ya koma Go.

Abu guda da babu inji ko hannu da zai tsare maka sai ka kula da kanka shi ne fankishin da ka miƙa wa C domin ya kira ka daga baya. Mai kwashe sharar memori a Python ko .NET bai san C na riƙe da adireshin ba. Idan babu wani a ɓangarenka da ke riƙe da abin, sai a share shi, C kuma ya kira gurbin da babu kowa. Faɗuwar ba ta zuwa a inda aka yi kuskuren, takan zo can gaba, a lokacin da ba ka zata ba.

Idan ka yanke shawarar bin inji, sauran tambaya ɗaya: yaushe zai yi aikinsa? Za ka iya sa shi ya gudana a kowane gini, kamar yadda ake yi da build.rs a Rust. Mahaɗin zai dace da hedar da ke kan kwamfutar a kullum, amma duk mai gina manhajarka sai ya girka libclang, ginin zai ƙara tsawo, kuma sabuwar sigar injin na iya sauya sunaye ba tare da ka taɓa komai ba. Ko kuma ka gudanar da shi sau ɗaya ka ajiye abin da ya fitar cikin rumbun kod. Gini zai yi sauƙi, kuma duk sauyi za ka gan shi da idonka kafin ya shiga, amma fayil ɗin na tsarin da aka fitar da shi ne, matsalar long ɗin nan na iya dawowa ta bayan gida. Idan kai ke ɗauke da kwafin laburaren a sigar da ka ƙayyade, ajiye abin da ya fitar, fayil guda ga kowane tsarin da ya bambanta, ka sa gwajin atomatik ya riƙa sake fitarwa yana kwatantawa. Idan kuwa laburaren da ke kan kwamfutar mai amfani za ka jingina da shi, wanda ba ka san sigarsa ba, fitarwa a lokacin gini ta fi aminci. A kowane hali ka ba injin jerin sunayen da kake so kawai. Heda ɗaya na janyo wasu goma, kuma idan ka sake masa linzami zai kwaso maka rabin hedodin tsarin.

Batun sauri bai kamata ya zama abin da zai raba maka gardama tsakanin hannu da inji ba, domin kod ɗin da suke fitarwa kusan iri ɗaya ne. Bambancin yana tsakanin mahaɗin da aka harhaɗa da wanda ke shirya kira yayin gudu ta libffi, kuma ko wannan bai kai yawan tsallaka iyakar muhimmanci ba. Kira miliyan ɗaya mai ɗauke da lamba ɗaya-ɗaya zai sha kashi a hannun kira ɗaya mai ɗauke da jeri na lamba miliyan, ko da wane kayan aiki ka yi shi, musamman idan kowane tsallake na buƙatar juya haruffa daga UTF-16 na Java ko .NET zuwa UTF-8.

Saboda haka kafin ka sauke kowane inji, fara dubawa ko wani ya riga ya yi mahaɗin kuma yana kula da shi, domin kashin sama da aka shekara ana gyarawa ya fi wanda za ka ɗinka a mako guda. In babu, ƙirga fankishin da kake buƙata da gaske, ba waɗanda laburaren ke da su ba. Idan ba su wuce goma ba, babu struct mai sarƙaƙiya, kuma laburaren ba ya motsi, rubuta da hannu ka ƙara gwajin girman kowane struct a duk tsarin da za ka tallafa. Da zarar struct sun yi yawa, ko union da filayen bit sun shigo, ko laburaren na sauya siga duk bayan 'yan watanni, ba wa inji kashin ƙasa, ka ɓoye abin da ya fitar kada sauran manhajar ta gan shi, sannan ka buɗe bayanin laburaren ka bi fankishin ɗaya bayan ɗaya kana rubuta wa ke da memorin, har yaushe yake da rai, da wanda zai sake shi.